Tsohuwar Motar Aiki Ba Abar Kunya Ba Ce

Duk ranar da hanya ta cushe a Kwangila ko a PZ a nan Zariya, aka leƙa aka ga ashe wata tsohuwar bas ce ta mace a tsakiyar titi, maganar da za ka ji a bakin mutane guda ce: wai me gwamnati take jira da ba ta kwashe waɗannan gwangwanaye daga kan hanya ba? Mai babur zai faɗa, mai Keke zai faɗa, wanda ke zaune cikin sanyin motarsa ma zai sauke gilashi ya tofa nasa. Haka in aka yi haɗari. Tun kafin a san ko birki ne ya tsinke, ko barci ne ya sace direba, ko rami ya kauce wa, an riga an yanke hukunci cewa tsufan mota ne. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Ina ganin muna yi wa waɗannan motoci da masu su rashin adalci, alhali yawancin abin da muke ci da abin da muke sayarwa a garin nan a cikinsu yake shigowa, a cikinsu kuma yake fita.

Kwanakin baya ina tsaye a bakin titi a Tudun Wada sai wata bas ƙirar Peugeot J5 ta zo ta faka a gabana. Fara ce tun asali, amma rana da ƙura sun dusashe fentin. Ba ta da ado ko kaɗan, ba rubutu a goshi, ba fure a gilashi. An cire kujerun baya, an shimfiɗa katako a daɓen ciki, katakon har ya yi sulɓi saboda jan buhu. Hannun ƙofar gefe walda aka yi masa, kuma mai waldar ya iya aikinsa, don ƙofar na zamewa ba gardama. Fitilar dama da ta hagu ba kalarsu ɗaya ba, amma duka biyun suna nan daram. Abin da ya fi ɗaukar hankalina tayoyinta ne: guda huɗun nan zanensu bai goge ba. Direban dattijo ne mai furfura. Yaron motarsa na sauke buhunan albasa, shi kuwa ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga ta sama yana dubawa a haske. Ya taɓa fanbel da yatsa ya ji ƙarfinsa. Na ce, “Baba, sannu da ƙoƙari. Wannan kam ta ga jiya ta ga yau.” Ya yi murmushi ya ce, “Yawwa ɗana. Jiya a Maƙarfi ta kwana, yau kuma kafin la’asar muna Giwa in Allah ya so.” Da aka gama sauke kaya ya shiga ya murɗa makulli sau ɗaya, injin ya kama, suka tafi.

Na daɗe ina tunanin abin da ya burge ni game da ita, sai na gane cewa babu wani abu a jikinta da aka sa don a gani a yaba. Komai nata na aiki ne. Waɗanda suka zana ta sun sa injin a gaba, kuma tayoyin gaba ne ke jan motar, don haka babu dogon ƙarfen da ke bi ta ƙarƙashi zuwa tayoyin baya. Shi ya sa daɓenta ya yi ƙasa-ƙasa kuma a shimfiɗe. Wanda bai taɓa ɗaga buhun masara mai kilo 100 ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Ka tambayi ɗan dako bambancin ɗora buhu a daɓen da ke daidai gwiwarsa da wanda ke daidai ƙirjinsa, a ce kuma tun safe yake yi. Bangon bodin a miƙe yake, ba lanƙwasa, saboda haka kwanduna na jeruwa har sama ba a bar gurbi ba. Wannan ma kyau ne, kyan abin da aka yi shi daidai da buƙatar mai amfani da shi.

An fara ƙera J5 a 1981, aka daina a 1993, Boxer ta maye gurbinta a 1994. A Italiya aka riƙa haɗa ta, a wata masana’anta ta haɗin gwiwa tsakanin Fiat da Peugeot da Citroën, shi ya sa ita da Fiat Ducato ta farko da Citroën C25 kusan mota ɗaya ce, tambari ne ya raba su. Ke nan mafi ƙuruciyar J5 da ke yawo a Zariya yau ta haura shekara 30. Kamfanin da ya yi ta ya daɗe da mantawa da ita. A ƙasashen da aka fara sayar da ita, in ka ga guda a titi to ɗan sha’awa ne ya adana ta. Mu a nan har yau lodi take ɗauka. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, wa ya riƙe ta da rai tsawon wannan lokaci?

Amsar tana garejin Sabon Gari da Muciya da Ɗanmagaji da bakin hanyar Samaru, ƙarƙashin rumfunan kwano da inuwar dalbejiya. Injin fetur na J5 ɗan gidan su 504 ne, ita kuwa 504 babu bakaniken Arewa da ya kai shekara 40 da bai buɗe cikinta ba. Tun 1975 masana’antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Cikin shekarun nan ilimin injin Peugeot ya bazu a ƙasar nan daga oga zuwa yaro, daga yaro zuwa nasa yaron. Da J5 ta zo, hannun da ya san ta ta tarar.

Na sha zama a gareji ina kallon yadda ake wannan aiki. Mota za ta shigo tana wani ƙara. Oga ba zai taɓa sufana ba tukuna. Zai ce a tayar, ya ɗauki dogon sukudireba ya ɗora bakinsa a kan injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya matsa gaba kaɗan, ya sake saurara. Sai ya ce wa yaro, “Kashe. Buɗe nan.” A buɗe kuwa a tarar da abin da ya faɗa. Yaron da ke miƙa masa sufana yana kallo, kuma kallon nan shi ne karatunsa. A gefe ga mai riwaya yana bin wayoyi da ɗan ƙwan fitilarsa, ga fanal bita yana buga bodi, ga mai walda, ga mai faci, ga mai ɗinkin kujera, ga mai injin sassaƙa ƙarfe da zai gyara maka abin da babu shi a kasuwa. In robar ƙafa ta cinye kuma ba a samu sabuwa ba, akwai wanda zai yanko ta daga tsohuwar tayar tirela ta zauna daidai. Tsohuwar mota guda tana ciyar da gidaje da yawa kafin ma a zo kan direba da yaronsa da ɗan kamasho da ’yan dako. Wanda ke cewa a kwashe su gaba ɗaya, ban sani ba ko ya taɓa lissafa tukwane nawa za a sauke daga kan murhu a ranar.

Sai kuma abin da take ɗauka. Da can jirgin ƙasa ne ke wannan aiki. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Jos da wani zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, kuma a gefen tashar jirgin ne Sabon Gari ya girma. Auduga da gyaɗa da fatu duk ta nan suka bi. Da harkar jirgin ta durƙushe, nauyin gaba ɗaya ya dawo kan kwalta. Manyan kaya suka koma tirela, amma ƙaramin manomi ba ya iya cika tirela, tirela kuma ba ta shiga hanyar gona. Mai noman rani a fadamar Galma, ko a Hunƙuyi da Kudan da Ikara, in ya tsinki tumatirinsa yau, kwana kaɗan gare shi kafin ya fara ruɓewa. Abin da yake buƙata mota ce da za ta iya gangarawa har bakin gona, ta ɗauki kwandunan mutum biyu ko uku, ta kama hanya a daren. J5 ta yi suna a wannan aiki har Kudu, ta kai tumatir da tattasai da attaruhu kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar fiye da kilomita 800. Aikin da jaki ya yi wa kakanninmu fatake, shi take yi mana yau.

Wanda ya manta muhimmancin wannan zirga-zirga ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin ’yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tsada a can, a nan kuma farashinsu ya faɗi warwas, manoma suna kallon kayansu na lalacewa. Noma ba ya zama kuɗi sai an kai shi inda mai saye yake. Motar da ke kai shi kuwa, sau da yawa, ita ce wadda muke yi wa kallon raini a Kwangila.

Ba na cewa masu ƙorafi ba su da hujja. Suna da ita, kuma babba. Na ga J5 da aka yi wa lodi har bayanta na neman taɓa ƙasa, aka ɗaure ƙofar baya da igiya saboda ba ta rufuwa, sannan aka ɗora mutane a kan buhunan. Na ga wadda ke tafe da dare da fitila ɗaya, mai tahowa ya ɗauka babur ne. Akwai masu fitar da hayaƙin da in kana bayansu a kan babur sai idonka ya yi ja. Akwai masu tafiya da tayar da ta cinye har waya ta fito. Mutane sun mutu saboda irin wannan, an bar marayu, kuma babu wata soyayyar tsohuwar mota da za ta sa in yi shiru a kai. Rai ya fi buhu.

Sai dai a duba waɗannan laifuka ɗaya bayan ɗaya. Lodi fiye da ƙima, tsohuwar taya, mataccen birki, rashin fitila. Wanne ne a ciki shekarar da aka ƙera mota ta jawo? Duk sakaci ne da matsin aljihu, kuma mota ’yar shekara biyar ma za a iya yi mata haka. Rahotannin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun sha nuna cewa gudun wuce sa’a ne kan gaba wajen jawo haɗari, har ta kai hukumar ta tilasta wa motocin haya sa na’urar taƙaita gudu daga 2017. Duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Kano ya san waɗanda ke wuce shi a guje. Sababbin bas ne da ƙananan motoci masu ƙarfin inji. Tsohuwar J5 da lodinta ko ta so ba za ta iya ba.

Shi kansa lodin wuce ƙimar yana da dalili, ko da yake dalilin ba uzuri ba ne. Direban da ya taso daga nan zuwa Kudu yana biyan kuɗin tasha, yana yankar rasiɗi kala-kala a jihohin da ya ratsa, ga masu tare hanya da kowa ya san abin da suke nema. Ga mai. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, cikin kwanaki ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Duk wannan a kan kwando yake komawa. In manomi ya ce ba zai iya ƙarin kuɗin mota ba, direba sai ya ƙara yawan kwanduna, taya kuma ya ce ta ƙara haƙuri zuwa wata mai zuwa. In ana son a rage lodi da gaske, a fara da rage hannayen da ke shiga aljihunsa a hanya.

Kuma a ce an kwashe su, da me za a maye gurbinsu? Wannan ce tambayar da masu cewa a kwashe ba sa tsayawa su amsa. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Sabuwar bas ta ɗaukar kaya yanzu kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici, balle direban da ke neman na cefane. Ko ’yar Kwatano ma ta zama sai wane da wane, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. A da muna da inda za mu duba. Ban da Peugeot a Kaduna, akwai Volkswagen a Legas, da Leyland a Ibadan, da Steyr a Bauchi, da ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Enugu, da masana’antar manyan motocin Fiat a Kano. Faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa kayan haɗin da ake shigowa da su suka yi tsada, motocin hannu suka cika kasuwa, gwamnatoci suka juya wa motar gida baya, masana’antun suka yi ta mutuwa ko suma ɗaya bayan ɗaya. Yau akwai masu ƙoƙari, irin su Innoson a Nnewi da sabuwar masana’antar Peugeot ta Ɗangote a Kaduna, ina kuma yi musu fatan alheri. Amma har yanzu babu wanda ya kawo wa mai kai albasa Giwa motar da zai iya saye. Ƙasar da ta bar masana’antunta suka mutu ba ta da bakin zagin talakan da ya lallaɓa tsohuwar motarsa ta kai shekara 35.

Akwai wani bambanci da nake so a riƙe. Shigo da tarkacen wasu daban, kula da abin da ke hannunmu daban. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu kusan miliyan 14, kusan kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo, da yawansu ba za su iya cin jarrabawar hanya a ƙasashen da suka fito ba. Ina goyon bayan a tsaurara a nan. Kada a mayar da mu juji. Amma motar da ta riga ta shigo, mai ita ya san ta, bakanikensa ya san ta, tana aiki lafiya, kashe ta asara ce tsagwaronta.

Su kansu ƙasashen da muke kwaikwayo, ba da shekaru kaɗai suke yanke wa mota hukunci ba. A Ingila mota in ta cika shekara uku, duk shekara sai an kai ta an gwada birki da fitila da taya da hayaƙi, in ta faɗi ba ta hawa titi sai an gyara. In ta haura shekara 40 kuma ana iya yi mata rajista a matsayin motar tarihi. A Jamus shekara 30 ne, har lamba ta musamman ake ba ta. Mu ma muna da takardar shaidar lafiyar mota, amma kowa ya san a wurare da yawa ana karɓo ta ba tare da wani ya ko leƙa ƙarƙashin motar ba. A nan matsalar take. A gwada mota da gaske, a kan kuɗin da direba zai iya biya, a wurin da ba zai kashe yini guda a layi ba. Wadda birkinta ke kamawa, tayarta na da rai, fitilunta na ci, hayaƙinta bai wuce ƙima ba, a bar ta ta yi aikinta ko shekararta nawa. Wadda ta faɗi a ba mai ita wa’adi ya gyara ya dawo. Wadda aka kama da mutane a kan lodi a hukunta direban ba sani ba sabo, sabuwa ce ko tsohuwa.

Abin da ya fi damuna ma ba motocin ba ne, ilimin da ke riƙe da su ne. Ogogin da suka koyi aiki a zamanin 404 da 504 suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yara da yawa yanzu sun gwammace su karɓi babur ko Keke su samu na yau, a kan su shekara biyar suna wanke sufana ba albashi. Ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta jira. Motocin da ke shigowa yanzu kuma kwamfuta ke tafiyar da su. In wata na’ura ta lalace a ciki, ba a buɗewa a gyara, cirewa ake a sayo wata da kuɗin da ke bin farashin dala. Ba na adawa da sabuwar fasaha, ta fi shan mai kaɗan, ta fi tsabtar hayaƙi, kuma dole yaranmu su iya ta. Abin da nake tsoro shi ne mu wayi gari da masu canza kaya kawai, babu masu gyara. Wanda ya fara da injin da ake gani da ido, ya san yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa, in ka ba shi na’urar bincike zai fahimci abin da take faɗa masa. Wanda bai san wannan ba lamba kawai zai karanto, ya sa mai mota ya yi ta sayen kaya har a dace.

Kuma in akwai garin da bai kamata wannan ilimi ya mutu a cikinsa ba, Zariya ce. Jami’ar Ahmadu Bello na nan tun 1962 da sashenta na injiniyanci. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa na kan hanyar Basawa tun 1986. Ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Tsakanin ajin da ake koyar da zanen inji da rumfar da ake kwance shi, tafiyar ’yan mintoci ce a babur, amma kamar ba gari ɗaya suke ba. Ɗalibi zai gama digiri bai taɓa cire fulogi ba, oga zai shekara 30 yana gyara ba shi da takardar da za ta sa a ba shi kwangilar kula da motocin ko da ƙaramar hukuma. A Kaduna an fara wani abu mai kyau da masu sana’ar kasuwar Panteka, inda ake auna ƙwarewarsu a ba su shaidar da hukuma ta amince da ita. Me zai hana a yi haka da ƙungiyar bakanikai a nan? A kawo ogogi cikin makaranta su koyar da hannu, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. A tura ɗalibai gareji, su kuma su koya wa yaran oga karatun na’ura da awo. A ajiye akori-kura 404 guda, da 504, da J5, da tsohuwar Hayis a farfajiyar koyarwa, ɗalibai su riƙa kwancewa suna mayarwa har hannunsu ya faɗa.

Daga nan ne ma za a iya fara ƙera kayan gyara. Ba sai mun fara da inji sukutum ba. Salansa, sifirin, robobin ƙafa, fatar birki, tankin lagireto, madubi, hannun ƙofa, duk abubuwa ne da masu walda da masu narka alminiyon na garin nan za su iya yi in an ba su ma’auni da kayan aiki da wutar lantarki. Nnewi da fataucin kayan gyara ta fara kafin ta kai ga ƙera su. Babbar cutar tsohuwar mota a yau jabun kaya ne: a sa fatar birki yau, bayan sati biyu ta cinye. In akwai na gida da aka gwada aka buga masa hatimi, direba zai san abin da yake saye, in ya lalace kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Batun iskar gas ma ya shafe su kai tsaye. Tun 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, ga kuma bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Injin fetur irin na J5 yana karɓar wannan juyi, kuma zai rage hayaƙin da ake kuka da shi, ya rage kuɗin mai. Motocin da ke ɗaukar abinci ne suka fi cancanta a fara da su, domin duk nairar da aka rage musu za ta bayyana a farashin kwando. Sharaɗin shi ne a yi aikin da tukunyar gas ta gaskiya a hannun wanda aka horar. A 2024 an ga abin da tukunyar da aka haɗa a bayan fage ta yi a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, inda ta fashe ta jikkata mutane. Wannan horo bakanikanmu ya kamata a ba, a nan gida, kafin masu gaggawa su fara walda tukunyar girki suna ɗaurawa a bayan mota.

Akwai motar da ta gama da gaske, wadda tsatsa ta cinye ƙashin bayanta har walda ba ta kamawa. Irin wannan dole ta sauka daga titi, ko mai ita ya so ko bai so ba. Amma in za a sauke ta, a saye ta a matsayin ƙarfe a kan farashi mai ma’ana, a lissafa kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sauran a ba direban bashi ta hannun ƙungiyarsa ya riƙa biya duk mako daga abin da ya samo. ’Yan tasha sun daɗe da sanin wannan tsari, da shi ake sayen babur da Keke a garin nan, kuma ƙungiya ta san wanda ke biya da wanda ba ya biya fiye da kowane banki. Injinta da giyarta da ƙofofinta kuma a bar wa masu kayan gyara su kwance, su shiga jikin ’yan’uwanta da ke da sauran aiki a gaba.